Sarauniyoyin Afirka da kujerar da ake musu gori a kanta

Lokacin gasar Olamfik ta Faris a 2024, na je karɓar ɗinki wajen wani abokina tela. Kamar yadda aka saba, kayan ba su haɗu ba, sai na nemi benci na zauna na buɗe waya ina kallon wasan ƙwallon raga na mata tsakanin Kenya da Birazil. Yana taka keke yana leƙowa ta kafaɗata. Da aka gama turmi na biyu sai ya tsayar da ƙafa, ya cire zaren da ke bakinsa, ya ce, "Malam, don Allah waɗannan me aka kawo su yi? Kuɗin jirgi kawai aka ɓata." Ban ba shi amsa ba, domin abin da ke gabanmu shi yake goya wa baya. An tashi uku ba ko ɗaya, kuma ko ba a gwada ba linzami ya fi ƙarfin bakin kaza.

Tun ranar maganar take cina, don ba shi kaɗai ke yin ta ba, kuma ba maganar banza ba ce. Bari in fara da ba shi gaskiyarsa. Ƙungiyar matan Kenya, wadda ake kira Malkia Strikers, ta je Olamfik sau huɗu: Sidni a 2000, Atina a 2004, Tokyo a gasar 2020 da annoba ta ɗage zuwa 2021, sai Faris. Wasa 18 ke nan, ba ta ci ko ɗaya ba. A Tokyo da Faris ko turmi guda ba ta samu ba. In aka haɗa da Aljeriya da ta wakilci nahiyar a 2008 da 2012, da Kamaru da ta je Riyo a 2016, matan Afirka sun buga wasa 33 a Olamfik ba tare da nasara ba. Kamaru ce ta taɓa leƙa ƙofar, ta kai Ajantina turmi na biyar kafin ta faɗi. A gasar cin kofin duniya kuwa, Kenya ta fara zuwa a 1994, amma sai a 2018 ta ci wasanta na farko, inda ta doke Kazakistan a Japan. Shekara 24 ana zuwa ana dawowa hannu rabbana.

To amma wannan ƙungiyar ce dai ta ɗauki kofin Afirka sau goma, daga 1991 zuwa 2023, abin da babu ƙasar da ta kusanta. Malkia da Suwahilanci sarauniya ake nufi, kuma a nahiyar nan sunan bai zama zuƙi ta malle ba. Wannan tazarar, tsakanin sarauta a gida da shan kashi a waje, ita ce ke raba mutane gida biyu. Wasu, musamman 'yan jarida da manyan gwamnati a ranar tarba a filin jirgi, sai kirari: sun ɗaga tutar Afirka, sun yi abin alfahari. Wasu kuma irin telana sai dariya. Ni duka biyun ba su gamsar da ni ba, kuma na fi jin haushin masu kirarin, domin mai dariya aƙalla ya kalli wasan.

Akwai ma hujjar da ta fi ta telan nauyi. Ƙasashe 12 kacal ke buga ƙwallon raga na mata a Olamfik. Kenya ta shiga Faris ne saboda ƙa'idar da ta ce kowace nahiya sai ta samu wakilci, kuma ita ce kan gaba a Afirka a jadawalin duniya. Kanada da Jamus, waɗanda suke gabanta nesa a jadawalin nan, suna gida suna kallo a talabijin. Idan kai ɗan Kanada ne, 'yarka ta yi shekara huɗu tana zufa, ka ga an ba wasu kujerar da kake ganin tata ce aka kuma lallasa su cikin ƙanƙanin lokaci, ba za ka yi murna ba. Na yarda. Duk da haka ra'ayina shi ne a bar wa Afirka kujerarta, sai dai a daina yaudarar kai cewa kujerar ita ce taimakon. Dalilina yana cikin filin wasan ne, don haka mu koma can.

Wanda bai saba kallon wasan ba zai ɗauka tsawo da ƙarfin dantse ne ke raba gardama. Raga ta mata tsayinta mita 2.24, kuma in dai tsalle da duka ne, 'yan Kenya ba kanwar lasa ba ne. Duk wanda ya ga Sharon Chepchumba ta tashi sama ta sauke hannu a kan ƙwallo ya san haka, haka ma Mercy Moim a shekarun da ta yi tana jan ragamar ƙungiyar. Inda ake cin su shi ne taɓi na farko. Kowane ɓangare taɓi uku yake da shi: a tarbi ƙwallo, a ɗaga, a doka. Idan 'yar Birazil ko 'yar Japan ta bugo ƙwallon farko, ba ta cika sa ƙarfi ba, irin bugun nan ne da ƙwallo ke tahowa ba juyi, tana layi kamar mashayi, ta faɗi inda ba a zata ba. Mai tarba ta miƙa hannuwa, ƙwallon ta ɗan goce taku biyu daga inda ake so. Shi ke nan. Mai ɗagawa dole ta bar wurinta da gudu, kuma daga inda ta cim ma ƙwallon zaɓi ɗaya ya rage mata, ta cilla sama can gefe. Kowa a zauren ya san inda ƙwallon za ta je. Kafin mai duka ta tashi, mata biyu sun riga sun gina mata katanga a raga, wasu uku suna baya suna jiran abin da zai tsallake. Sai a ga kamar mai dukan ce ta gaza, alhali tun daƙiƙa biyu da suka wuce aka ci makin.

Ita kuwa tarba ba a haihuwar mutum da ita, kuma ba a koyon ta da wa'azin koci. Sai ido ya saba da irin wannan bugun sau dubbai, daga hannun waɗanda suka iya shi. In duk shekara waɗanda kake karawa da su ba su iya ba, ranar da ka gamu da gwanaye ranar za ka fara karatu, a gaban duniya.

Sai maganar daɓe, wadda mutane ke rainawa. Ina da 'yar ƙanwa da ta yi wasan a makarantar kwana ta 'yan mata. Filinsu siminti ne da ya fara tsagewa, turakun raga kuma ƙarfen famfo ne da aka kafa cikin tsohuwar taya. Wata rana ta dawo hutu da gwiwa duk a ɗaye, uwarta ta yi ta faɗa, ta ce wa zai auri mace da ƙafa kamar ta makiyayi. Na tambaye ta yadda aka yi, ta ce, "Kawu, sau ɗaya na yi nutso in ceto ƙwallo, ban ƙara ba." Wannan "ban ƙara ba" ɗin ita ce dukan labarin. Yarinyar Japan tun tana shekara goma take zamewa da ƙirji a kan daɓe mai santsi, jikinta bai san tsoron ƙasa ba. Tamu jikinta ya koyi tsayawa a tsaye, kuma abin da jiki ya koya a shekara 14 da wuya ya saki a shekara 24. A Kenya ma an daɗe ana buga wasannin lig a fili a waje, cikin rana da iska, kuma babban zauren da ake dogaro da shi, na Kasarani a Nairobi, ba na ƙwallon raga kaɗai ba ne, ana rububinsa da sauran wasanni da taruka.

Abin mamakin ma shi ne yadda suka kai inda suka kai. Asirin Kenya ba wani boyayye ba ne. Makarantun sakandare ne irin su Lugulu da Malava a yammacin ƙasar, da Kwanthanze a yankin Machakos, inda gasar makarantu take da zafi kamar ta manya. Daga nan ma'aikatu su ɗebe su: kamfanin bututun mai na Kenya Pipeline, hukumar gidajen yari, bankin KCB. Yarinya ta samu albashi, iyayenta su samu kwanciyar hankali, ita kuma ta samu damar yin atisaye kullum. Ƙungiyar gidajen yarin ta ci kofin kulob-kulob na Afirka sau huɗu a jere daga 2010 zuwa 2013. Tsari ne mai kyau, ya isa ya ba ka Afirka. Amma rufinsa gajere ne, domin ma'aikaciyar gidan yari da ke buga ƙwallo ba ɗaya take da wadda ke kulob a Italiya ko Turkiyya tana karawa da gwanayen duniya kowane mako ba. 'Yan Kenya da suka samu fita waje ba su da yawa, kuma galibi ba manyan lig-lig suke samu ba.

Shekarar da nake so telana ya sani ita ce 2015. A lokacin akwai gasar shekara-shekara da ake kira Grand Prix, an kasa ta rukuni uku gwargwadon ƙarfi. Kenya na rukuni na uku, tare da ƙasashe irin su Feru da Kolombiya da Meksiko da Aljeriya, wato sa'o'inta da waɗanda suka ɗan ɗara ta. Aka yi makonni ana zagaye ana karawa. A wasan ƙarshe a Kanbera ta Ostireliya, ƙarƙashin koci David Lung'aho, Kenya ta doke Feru da ci uku da ɗaya ta ɗauki kofin. Feru fa, ƙasar da ta taɓa cin azurfa a Olamfik a 1988. Matan nan dai su ne, daɓen gida bai canza ba, abin da ya canza kawai shi ne an ba su wasanni a jere da waɗanda za su iya koyo daga gare su. A shekara ta gaba aka ɗaga su rukuni na biyu suka sha wuya, wanda haka hawa tsani yake.

Sai aka janye tsanin. A 2018 hukumar wasan ta duniya, FIVB, ta maye gurbin Grand Prix da sabuwar gasa ta manyan ƙasashe 16, waɗanda aka ƙara zuwa 18 a 2025. Babu ƙungiyar matan Afirka ko ɗaya da ta taɓa shiga. Kowace ƙasa a cikinta tana buga wasa 12 a zagayen farko kaɗai, duk shekara, da gwanayen duniya. Abin da aka bar wa na ƙasa, har zuwa 2024, shi ne wata 'yar gasa ta kwana kaɗan, wadda in ka faɗi wasan farko sai ka ɗaure kayanka. Kenya ta je a 2023 da 2024, kowane zuwa wasa ɗaya ta buga. A keta teku a buga wasa ɗaya a dawo! To yaya za a yi wadda ta buga irin wannan ta tsaya gaban Folan, da ta shigo Faris da zufar wasanni goma sha a jikinta? Na san dalilin hukumar, kuɗin talabijin yana inda manya suke, kuma ba sadaka ta fito yi ba. Amma in haka ne, kada ta riƙa nuna mana kujerar Olamfik a matsayin shaidar cewa ta damu da Afirka.

Za a ce ai hukumar ta taimaka, kuma gaskiya ne. Ta turo wa Kenya koci ɗan Birazil, Luizomar de Moura, da mataimakansa kafin Tokyo, kuma a 2022 aka kwashi 'yan wasan zuwa Birazil suka yi makonni suna atisaye. Ba zan raina wannan ba. Amfaninsa ya fito fili a 2023 a Yawunde, inda suka fitar da Kamaru a gidanta a wasan kusa da na ƙarshe, suka doke Masar suka karɓo kofin da ya kuɓuce musu shekara takwas. Sai dai koci na aro gyaran fuska yake yi wa wadda ta riga ta girma. Ba a fafe gora ranar tafiya. Da rabin wannan ɗawainiyar aka kai ta Lugulu da Kwanthanze, a shimfiɗa daɓe, a horar da malaman wasanni yadda ake koyar da tarba, da ba za a ga sakamako a shekara ɗaya ba, kuma ina zargin shi ya sa ba a cika son irin wannan aikin ba, babu hoton da za a ɗauka.

Kenya ma tana da nata kason laifin. Ƙasar da ta yi shekara 30 tana mulkin nahiya a wasa ɗaya, a ce har yanzu ba ta gina wa wasan gidansa na kansa ba, wannan ba laifin Turawa ba ne. A gasar duniya ta 2025 a Tailan, sai da 'yan wasan suka fito a bidiyo suna kukan ba a biya su alawus ba. Sarauniyoyi ke nan.

Na ambaci Tailan, bari in ɗan tsaya a kanta, don ita ce ke rushe hujjar masu cewa abin halitta ne ko arziki. Matan Tailan gajeru ne a ma'aunin wannan wasa, ƙasarsu kuma ba ta cikin manyan masu kuɗi. Sun riƙe rukunin 'yan wasa ɗaya shekara da shekaru, suka gina wasansu kan tarba da sauri, ga mai ɗagawa irin Nootsara Tomkom, har suka ci kofin Asiya a 2009 da 2013 a nahiyar da Sin da Japan suke. Sa'ar da suka yi ita ce maƙwabtansu gwanaye ne, kullum cikin shan duka suke har suka iya ramawa. Kenya ba ta da wannan sa'ar. Shi ya sa nake ganin mafi alherin abin da ya same ta shi ne tasowar Kamaru, wadda ƙarƙashin Jean-René Akono ta doke ta a wasan ƙarshe sau uku a jere, 2017 da 2019 da 2021. Zafin wannan ne ya tashe ta daga barci. Abin dariya da takaici, nasarar Kenya ta biyu a tarihin gasar duniya, a Holan a 2022, a kan Kamarun ce dai. An je har Turai don a yi faɗan gida.

Mu kuma a Najeriya da muke dariya, laifi tudu ne. Matanmu sun taɓa zama abin tsoro a wannan wasa. Sun ci zinare a wasannin Afirka da aka yi a Abuja a 2003, kuma a 2005 su ne suka zo na biyu bayan Kenya a gasar nahiya, a Abujan dai. Kofin Afirka kuwa ba mu taɓa ɗauka ba, Olamfik ba mu taɓa leƙawa ba. Tsarin ma'aikatun muna da shi, kwastan da sibil difens da sojoji duk suna da ƙungiyoyi, Kaduna ma ta daɗe tana riƙe da wasan. Abin da muka sake shi ne tushen, wato makaranta. Kuma kada wani ya ce ba mu da 'ya'yan. Paola Egonu, wadda aka zaɓa gwarzuwar gasar Faris lokacin da Italiya ta ci zinare, iyayenta 'yan Najeriya ne. Foluke Akinradewo da Chiaka Ogbogu da suka ci zinare da Amurka a Tokyo, su ma haka. Jinin ɗaya ne, daɓen da aka taso a kai ne ya bambanta.

A nan Arewa na san abin da za a fara tambaya, wato tufafi. Ba na raina tambayar, ni ma uba ne. Amma wasa ne da babu gogayyar jiki, raga ta raba tsakani, ana iya yin sa a harabar makarantar mata zalla, da dogon wando da ɗankwali. Doaa Elghobashy ta Masar ta buga nau'in wasan na bakin teku a Olamfik ɗin Riyo da hijabinta. Fili ne na mita 18 da mita 9, bai kai wurin da shugaban makaranta ke ajiye motoci ba. Abin da ya hana 'yar ƙanwata ci gaba ba malamin addini ba ne, siminti ne.

Saboda haka in an tambaye ni, kujerar Afirka a Olamfik ta zauna. Ita ce dalilin da zai sa minista ya sa hannu a takardar kuɗi, ita ce abin da yarinya a Malava take hange, kuma ranar da aka cire ta bankin da kamfanin man za su fara tambayar kansu me suke ci da wannan ƙungiya. Amma a dawo da tsanin, gasa ta shekara-shekara ga ƙasashen tsakiya, inda Kenya da Kamaru da Masar za su riƙa gamuwa da irin su Feru da Meksiko da Kazakistan sau goma, ba sau ɗaya ba. Ƙara ƙasashen gasar duniya zuwa 32 da mayar da ita duk shekara biyu mataki ne, sai dai wasa uku a shekara biyu bai isa ya koya wa hannu komai ba.

A watan Agustan 2025, a tsibirin Fuket na Tailan, Kenya ta faɗi a hannun Jamus, ta ƙwaci turmi ɗaya daga Folan ɗin da ta share ta a Faris, sannan ta doke Biyetnam uku ba ko ɗaya. Kwanaki kaɗan kafin nan sun yi wasan sada zumunci da Biyetnam ɗin a Hanoi an doke su, wato gani ɗaya suka yi mata suka gane ta. Janet Wanja, wadda ta ɗaga musu ƙwallo tun Atina kuma ta raka su Faris a matsayin mai horarwa, ba ta ga wannan ba, ciwon daji ya ɗauke ta a Disambar 2024 tana da shekara 40. Na tura wa telana sakamakon ta WhatsApp. Sai bayan isha'i ya amsa da muryarsa, ana jin ƙarar keke a bayansa: "To, Allah ya ƙara. Kayanka kuma sai jibi."